Ɗalibin Zanen Gini a Kwalejin Fasaha: Wani Alhaki da ke Kan Manazarta Hausa

Gabatarwa

Manazarta al'adun Hausawa ba su yi wa sana'ar gini rowar tawada ba. An yi rubutu a kan tubali da azara, an bayyana sarautar Sarkin Magina, an kuma lissafa sassan gidan Bahaushe tun daga zaure har zuwa turaka. Sai dai akasarin wannan aiki yana kallon gini ne a matsayin abin da ya wuce, wanda ake gaggawar taskacewa kafin ya shuɗe. Akwai wani mutum da ba kasafai yake fitowa a irin waɗannan rubuce-rubuce ba, alhali kuwa yana cikin waɗanda za su fi kowa tasiri a kan kamannin gidan Bahaushe nan da shekara 30. Wannan mutum shi ne matashi ɗan shekara 16 ko 17, namiji ko mace, da ke zaune gaban allon zane a kwalejin fasaha yana koyon zana taswirar gini.

Ra'ayin da wannan maƙala ke ɗauke da shi shi ne, ajin zanen gini na kwalejojin fasaha fage ne na nazarin Hausa, ko da yake ba mu saba ɗaukarsa haka ba. A can ne ake yanke shawarar ko zaure zai ci gaba da rayuwa. A can ne kuma kalmomi irin su ɗaurin guga da zanko za su sami sabon aiki ko su koma zaman ƙamus. Muddin masana harshe da al'ada suka ci gaba da bar wa malaman fasaha wannan aji su kaɗai, to abin da muke adanawa a kundayenmu zai zama tarihin gidan da babu mai sake gina irinsa.

Wane ne Wannan Ɗalibi?

A tsarin ilimin Nijeriya, yaron da ya kammala ƙaramar sakandare yana iya shiga kwalejin fasaha ya yi shekara 3 yana koyon sana'a guda tare da darussan gama-gari. Akwai irin waɗannan makarantu a Kano da Wudil da Bagauda da Malali ta Kaduna da sauran garuruwan Arewa. Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa, wato NBTE, wadda aka kafa a 1977 take kuma da hedikwata a Kaduna, ita ke tsara manhaja. Hukumar NABTEB kuwa, da aka kafa a 1992, ita ke shirya jarrabawar kammalawa ta ba da takardar shaida. Zanen taswirar gini yana cikin sana'o'in da ake jarrabawa a kansu, sannan masu koyon aikin birkila da kafinta da na famfo su ma suna ɗaukar darasin zane gwargwadon buƙatarsu.

Horon da ake bayarwa mai tsauri ne, kuma ya cancanci yabo. Ɗalibi yana koyon cewa kowane layi da ma'anarsa: mai kauri na bango ne, siriri na awo ne, mai tsinke-tsinke kuma yana nuna abin da ido ba ya gani. Yana koyon ƙanƙantar da gini bisa ma'auni, ta yadda santimita 1 a takarda za ta tsaya a madadin mita 1 a ƙasa. Yana koyon nuna gida guda ta hanyoyi uku: kamar an cire rufi ana kallonsa daga sama, kamar an tsaya a gabansa, da kuma kamar an tsaga shi gida biyu da wuƙa ana duban cikinsa. A inda akwai kwamfuta da wutar lantarki, sai ya ƙara da manhajar AutoCAD.

Bayan kammalawa, wasu kan wuce kwalejin kimiyya da fasaha ko jami'a. Da yawa kuwa kai tsaye suke shiga aiki, ko a ƙarƙashin wani masanin zayyanar gine-gine, ko a ma'aikatar ayyuka, ko a ɗan shagonsu na kansu. Dokar 1969 da ta kafa majalisar rajistar masana zayyanar gine-gine ta keɓe wannan laƙabi ga waɗanda suka yi rajista, kuma sashen koyar da fannin da ke Zariya ya girmi Jami'ar Ahmadu Bello kanta, wadda aka buɗe a 1962. Duk da haka, kowa ya san malamin makaranta ko ɗan kasuwar da ya sayi fili a bayan gari ba ofishin babban masani yake nufa ba. Wajen mai zanen unguwa yake zuwa, ko ya nuna wa birkila hoton wani gida a wayarsa. Ke nan hannun da ke zana gidajen talakawa da matsakaita shi ne hannun da aka horar a kwalejin fasaha ko aka koya masa a shagon wanda ya fito daga can.

Gidan da Hannu ya Saba Zanawa

Abin da hannu ya saba da shi tun yana ɗanye, shi yake maimaitawa. Gidan da ɗalibi ke kwaikwaya daga littattafan zane gida ne na miji ɗaya da mata ɗaya da 'ya'ya kaɗan: ƙofa ta buɗe kai tsaye cikin falo, falo ya haɗe da wurin cin abinci, ɗakunan kwana su jeru a lungu guda, kicin ɗan ƙarami ya maƙale a gefe. Babu laifi ga wannan tsari a inda ya dace. Matsalar ita ce shi kaɗai ake nuna wa yaro a matsayin gida, har ya ɗauka gidan da ya tashi a ciki ba tsararre ba ne, tarin ɗakuna ne kawai da aka yi ta liƙawa.

Alhali kuwa gidan Bahaushe yana da ƙa'idoji da za a iya zanawa a auna. Zaure shi ne iyakar baƙo namiji, kuma ba a daidaita ƙofar shigarsa da ta fitarsa, domin kada idon mai wucewa ya kai cikin gida. Shigifa mataki ne na biyu na kusanci, wanda ba kowa ke kai wa gare shi ba. Tsakar gida ita ce ainihin ɗakin aiki: a nan ake daka, a nan ake girki, a nan ake shanya, a nan kuma ake taron suna da biki. Inda akwai mata fiye da ɗaya, adalci yana buƙatar ɗakunansu su yi daidai wa daida a girma da matsayi. Ana lura da alƙibla wajen aza makewayi. Ana kuma barin sarari domin gida yana girma tare da iyali. Ɗa ya yi aure a fitar masa da sashe. Ko yanayi ma yana da nasa hukunci, domin hadari galibi daga gabas yake tasowa, bangon gabas kuma shi ya fi shan dukan ruwa.

Sakamakon watsi da waɗannan ƙa'idoji a bayyane yake a sababbin unguwanni. Ana gama gini sai mai gida ya fara gyara: ya mayar da garejin mota wurin karɓar baƙi, ya ƙara tsawon katanga, ya kafa rumfar kwano a baya domin kicin ɗin ciki ba ya ɗaukar tukunyar tuwon mutum 15. Wato kuɗin da aka kashe sau ɗaya sai an sake kashe shi domin a dawo da abin da takarda ta manta. Al'adar ba ta mutu ba, tana nan tana neman wurin zama a cikin gidan da ba a zana da ita ba.

Giɓin Harshe

Matsala ta biyu ta fi kusa da fagenmu. Da Ingilishi ake koyar da zane, da Ingilishi ake jarraba shi, amma da Hausa ake yin gini. Idan mai zane ya isa wurin aiki, birkila da kafinta da lebura da mai gida duk da Hausa zai yi musu bayani. Harshen ya riga ya yi nasa ƙoƙari ta hanyar aro: bulo, siminti, rodi, kankare, filasta, silin, linta, fandisho, filan. Waɗannan kalmomi sun zauna, kuma babu dalilin korarsu. Amma za a lura cewa kusan dukkansu sunayen abubuwa ne da ake taɓawa. Tunanin da ke bayan zane, wato ma'auni da daidaito da yadda nauyi ke sauka daga rufi zuwa harsashi, bai sami kalmomin da aka amince da su ba. Don haka ɗalibi yakan haddace ma'anar abu da Ingilishi ya ci jarrabawa, amma ya kasa fahimtar da mahaifinsa abin da ya zana.

A ɗaya ɓangaren kuma, akwai tarin kalmomin fasaha na asali da ke hannun tsofaffin magina. Bakan gizo da ɗaurin guga da tulluwa sunayen hanyoyin rufi ne. Rawani da zanko da indararo sassan saman gini ne, kowanne da aikinsa. Makuba, da ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa, da laso, da ake haɗawa da katsin marina da gashin dabbobi da dafara, magungunan ruwa ne. Kamu da taki da gaba ma'aunai ne da aka gina fadoji da masallatai da su. Ƙamusun Bargery na 1934 ya taskace da dama daga cikin waɗannan kalmomi, haka ma Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Sai dai bayanin ƙamus a kan ɗaurin guga, komai kyansa, ba zai sa wani ya iya ɗaura shi ba. Kalmar fasaha tana rayuwa ne idan akwai hannun da ke aiki da ita, ko kuma aƙalla zanen da ke nuna ainihin abin da take nufi.

Mun taɓa yin irin wannan aiki wa kanmu. Littafin keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, wanda ya fito a 1990, shi ya ba mu damar koyar da nahawu da adabi da Hausa har zuwa matakin digiri na uku. Abin da ya yiwu ga ilimin tsarin sauti zai yiwu ga zanen gini. Alal misali, ana iya kiran kallon gida daga sama zanen shimfiɗa, kallonsa daga gaba zanen fuska, tun da magina sun riga sun saba cewa fuskar gida, kallon cikinsa kuma zanen tsagi. Waɗannan shawarwari ne kawai, kuma wurin gwada su shi ne bakin aiki. Kalmar da birkila ya ƙi karɓa ba ta da amfani ko da kwamitin farfesoshi ne ya amince da ita.

Darasi daga Masallacin Zariya

Akwai misali guda da ke nuna darajar hannun mai zane ga tarihinmu. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu a ƙarni na 19, shi ne ƙololuwar fasahar ginin ƙasa a ƙasar Hausa. Azara, wadda ake tsagowa daga giginya, gara ba ta cin ta, amma ba ta iya ɗaukar rufin ƙasa a tazarar da ta wuce kusan mita 2. Dabarar magina ita ce su jera ta hawa-hawa daga bango ko ginshiƙi, kowane hawa ya ɗan zarce na ƙasansa, ana ɗaurewa da igiya ana lulluɓewa da ƙasa, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama su zama baka. Da wannan dabara aka rufe manyan ɗakuna ba tare da ƙarfe ko siminti ba. Duk wannan hikima a ɓoye take a cikin yaɓe. Hoto ba ya nuna ta, bayanin baka ba ya ƙayyade ta. Zanen tsagi ne kaɗai ke fito da ita.

A shekarun 1970 an sauya fasalin masallacin, aka rufe abin da ya rage na tsohon ginin a cikin sabon gini na kankare. Cikakkiyar surarsa ta asali ta tsira ne musamman saboda awo da zanen da aka yi kafin nan. Zbigniew Dmochowski, masanin gine-gine ɗan ƙasar Poland, ya shafe shekaru tun daga ƙarshen shekarun 1950 yana auna gine-ginen gargajiya a faɗin Nijeriya tare da matasan ƙasar da ya horar. Aikinsa ya fito cikin mujalladi 3 a 1990, bayan rasuwarsa, kuma kwafin masallacin da aka gina a gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos ɗa ne na wannan aiki. Hamman Tukur Sa'ad ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan ƙawar ginin Hausa a 1981, J. C. Moughtin kuma ya wallafa littafinsa a kan ginin Hausa a 1985. Dukkan waɗannan ayyuka da Ingilishi suke, kuma mafi yawansu a ɗakunan karatu na jami'a suke kwance. Yaron da ke koyon zane a tazarar 'yan kilomitoci daga Gidan Makama ko Hasumiyar Gobarau yana iya kammala karatunsa bai taɓa ɗora tef ɗin awo a kan bangon tubali ba.

A nan ne buƙatun ɓangarorin biyu suka haɗu. Malamin zane yana buƙatar gini na gaske da ɗalibansa za su auna, domin auna abin da ke tsaye ya fi kwafar hoto daga littafi horar da ido. Manazarcin Hausa kuma yana buƙatar zane mai ma'auni na soraye da zaurukan da damina ke ci kowace shekara. Haka nan ɗalibai mata suna da wata dama da manazarta maza ba su da ita, domin suna iya shiga cikin gida inda aka ce ba shiga, su auna madafa da ɗakuna, su kuma ji daga bakin matan gida abin da ke yi musu daɗi da abin da ke takura musu.

Hujjojin Masu Ja

Mai ja zai ce jarrabawar NABTEB da Ingilishi ake yin ta, kuma ɗalibin da ya fito zai yi gogayya da takwarorinsa na Legas da Inugu, don haka shigo da Hausa cikin aji cutarwa ce. Wannan damuwa tana da tushe, kuma babu mai neman a cire Ingilishi. Alamomin zane na duniya ne, dole ɗalibi ya san su da sunayen da ake kiransu a ko'ina. Abin da ake nema shi ne ya mallaki harsuna biyu na sana'arsa, na takarda da na bakin aiki. Yaron da ya fahimci ma'auni da harshen da yake tunani da shi ya fi saurin riƙe sunansa na Ingilishi. Ba sabon abu ba ne ma: makarantar da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 tana da sashen sana'o'i, kuma Hausa ce harshen koyarwa a matakin farko.

Hujja ta biyu ta fi nauyi. Mutane sun guji ginin ƙasa, kuma suna da dalili: yana buƙatar yaɓe akai-akai, yana rushewa idan ruwa ya kwanta a gindinsa, azara ta yi tsada, sannan jama'a na yi masa kallon alamar talauci. Zai zama rashin adalci mu da ke zaune a gidajen bulo mu yi wa talaka wa'azin tubali. Amsa ita ce a raba tsari da kayan gini. Zaure da shigifa da tsakar gida ana iya yin su da bulo da siminti ba tare da sun rasa aikinsu ba. Game da ƙasar kanta kuwa, maƙwabtanmu na Nijar sun nuna cewa ba ta gama aiki ba. Masallacin Yama da ke yankin Tawa, wanda magini Falke Barmu ya fara a 1962, ya sami kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. A garin Dandaji na wannan yanki, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallaci ɗakin karatu, suka gina sabo da bulon ƙasa da aka matse da inji, aikin da aka kammala a 2018. Wanda ya kwana a ɗakin kwano a watan Afrilu ya san abin da kaurin bangon ƙasa ke tarewa. Ɗalibin da ya san halin kayan biyu zai iya ba mai gida zaɓi, wanda ya san ɗaya kuwa sai abin da ya sani.

Hujja ta uku ita ce ƙarancin kayan aiki da yawan nauyin da ke kan malamai. Wannan gaskiya ne, amma auna gini yana cikin darussa mafi arha: tef ɗin awo da fensir da takarda da izinin mai gida sun wadatar.

Kammalawa

Abin da ya rage gare mu ba ya buƙatar jiran sauyin manhaja daga sama. Sashen Hausa na kowace jami'a yana iya ƙulla alaƙa da kwalejin fasaha mafi kusa da shi da kuma sashen zayyanar gine-gine na jami'arsa. Ɗalibin digiri na biyu da ke neman batun bincike yana iya zama da magina da birkiloli ya tattara kalmominsu, na asali da na aro, ɗaliban kwaleji kuma su zana abin da kowace kalma ke nufi. Daga nan za a iya fitar da ɗan ƙaramin ƙamus mai zane, Hausa da Ingilishi, wanda malamin aji zai riƙe a hannu. Ana kuma iya fassara muhimman sassa na ayyukan da aka ambata a sama zuwa Hausa mai sauƙi. Mujallu irin wannan, tun da a intanet suke fitowa kuma tsadar bugu ba ta taƙaita su, suna iya buɗe shafi ga zane-zanen gidaje tare da sunayen sassansu kamar yadda ake kiransu a Kano da Katsina da Sakkwato da Damagaram, abin da zai amfani masu nazarin karin harshe ma.

Lokaci ne ke ƙure mana. Maginan da suka iya ɗaura bakan gizo tsufa suke yi, 'ya'yansu da yawa sun koma aikin bulo, kuma kowace damina tana tafiya da wani soro da ba a auna ba. Ɗaliban da za su iya auna shi suna nan a azuzuwansu, kuma tsakaninmu da su tafiyar ƙasa da awa guda ce a mafi yawan biranenmu.